Kawu da Amsar da Bai Gwada Ba

Jiya 'yata ta kawo aikin gida, an ce ta nemo x, sai na ji kaina ina cewa, "Mayar da amsar cikin tambayar mu gani." Maganar Kawu ce, yayan mahaifiyata, tsohon malamin lissafi a nan Lafiya, wanda bai taɓa yarda da amsar da bai gwada ba.

Ina aji biyu na sakandare na kai masa aikina: x sau uku, a ƙara huɗu, ya ba da sha tara. Biyar kawai na rubuta, ban nuna yadda na samo ta ba. Ya sauke tabarau, ya daɗe yana kallona.

"Wa ya ba ka biyar ɗin nan? Ɗan maƙwabta?"

"Da ka na yi, Kawu."

"To, kan naka ya sake yi a gabana. In ka kasa, zan sa babanka ya mai da kai gonar doya a Arikya."

Ya zaro gawayi daga murhu, da sauran ɗuminsa, ya rubuta sabuwar tambaya a simintin tsakar gida. Na cire bakwai a hagu, na cire a dama, na raba. Na mayar da amsar, ɓangarorin biyu suka yi daidai.

Bai yaba mini ba. Duƙawa ya yi yana sake duba tambayarsa, wai ko ta cika sauƙi.

Allah ya sauƙaƙa masa hisabi, kada a tsananta masa bincike yadda ya tsananta mini.