Ranar da na ce bakwai

Abin da na fara gani da na iso filin lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Tanout shi ne wani kwali rataye a jikin aduwa, an rubuta ɗaya zuwa goma da gawayi. Ranar gwajin gudu ce. Bara gudu muka yi ta yi har sai mutum ya kasa. Ni a zagaye na shida na faɗi, na amayar da furar safe a gaban maza. Wata guda suna tsokanata. Abin da nake tsoro ke nan ya sake faruwa.

Bana sabuwar madam mai koyar da wasanni aka kawo mana, siririya, da usur a wuya. Ta ce ba wanda zai yi gudu har ya faɗi. Kowane zagaye za ta ɗan ƙara sauri, in mun iso aduwa kowa ya faɗi lambar gajiyarsa. Ɗaya kamar tafiya rijiya da tulu babu ruwa, goma kuwa ƙafa ta ƙi ɗaukarka. Wanda ya kai bakwai ya tsaya. Daga yadda lambobin ke hawa za ta gane inda ƙarfin mutum zai ƙare.

Sai dai mu a gida ba a koya mana faɗin gajiya a gaban babba ba. Ko daka ka wuni kana yi, in an tambaye ka cewa za ka yi babu komai. Zagaye na farko duk muka ce biyu. Na biyu ma biyu. Ƙawata ƴar garin Tenhya tana haki, kallabinta ya jiƙe, ta ce biyu.

Madam ta yi dariya. "Ke ƴata, biyu, kina huci kamar jakin da ya hau tudu da kaya?"

Ta zaunar da mu, ta ce ita ba baƙuwa ba ce da za mu yi wa kara. In muka ci gaba da cewa biyu, sauri za ta yi ta ƙarawa har mu zube.

A zagaye na huɗu haƙarƙarina ya fara suka, bakina ya yi ɗaci irin na bara. Na iso aduwa, maza na tsaye kusa. Na ce bakwai, da muryar da ni kaina da kyar na ji. Ta sunkuyo, na maimaita. Ta rubuta, ta ce in je in zauna.

Shi ke nan. Na zauna a inuwa, furata tana cikina, ba wanda ya ko waiwayo ni.

Da aka tashi na tsaya har kowa ya watse, sannan na matsa kusa da ita.

"Madam, don Allah, in za a sake, ki bar ni in nuna lambar da yatsu."