Kwamfutar da Ta Raɗa Mini Suna Kudaku

Shekara bakwai ke nan, amma har gobe ban manta da Asabar ɗin da muka je sayen kwamfutocin farko na wannan cibiya ba. Ku da kuka zo daga baya kuna jin ana ce mini Baba Kudaku, wasunku har sun zaci noman dankali nake yi. To, ga asalin sunan.

Ni masinja ne. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, kuma ba na son yawo, daga gida a unguwar Hashimi ta Suleja sai wurin aiki sai masallaci. Na yi wa Hajiya Rabi aiki tun tana hedimistires. Da ta yi ritaya ta karɓi giratutinta, sai ta ce za ta buɗe wurin koya wa yara jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi. Ga wanda bai sani ba, tambaya ce take fitowa a allo da amsoshi huɗu, yaro ya danna A ko B ko C ko D. Yaranmu da yawa sun san amsa, hannunsu ne bai taɓa taɓa kibod ba.

A watan Fabrairu iyaye sun riga sun rubuta yara arba'in, an sa Litinin za a fara. Kwamfuta ashirin ake nema, kuma duk abin da Hajiya ta tara a shekara talatin da biyar na aiki, a kansu zai tafi.

Ta ɗauko Injiniya Bashir, ɗan ƙanwarta da ke aikin kwamfuta a Abuja, ya yi mata jerin abin da za a duba. Ya ce laftof za a saya saboda tana da batir, in an ɗauke wuta yaro ba zai rasa aikinsa ba. Ya ce a duba ram, wato abin da ke hana ta nauyin jiki, a duba ma'ajiyarta, a cire caja a ga minti nawa batirin zai riƙe, a haska allo a ga ko akwai tabo. Sababbi sun fi ƙarfinmu, sai Beljiyam. Kun san mu nan duk kayan da aka yi amfani da su a waje, mota ce ko firji, Beljiyam muke ce musu. Ban taɓa tunanin sunan wata ƙasa ne mai mutanenta da harshenta ba.

Ni an tafi da ni ne don ɗaukar kaya. Muka shiga wani shago a bayan babbar kasuwa, na wani Inyamuri da ƙaninsa. A jikin bango an rubuta da jan fenti cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Ya jera mana laftof baƙaƙe masu sheƙi, kamar jiya aka ƙera su.

Injiniya ya yi awa biyu yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Shi idan yana rubutu ba ya kallon kibod, idonsa a allo, yatsunsa na zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ce, "Inna, waɗannan ba su da matsala. A rubuta rasit."

Ina zaune a kan kwali kusa da ƙofa. Karatu ne ba ni da shi, amma kunne Allah ya ba ni, kuma zaman Suleja ya koya mini burokin, wato Turancin kasuwa. Sai na ji ƙanin ya matso ya tambayi wansa a hankali da burokin ko ya gaya mana "Firanch" ne. Wan ya ce ai ga injiniya nan, in da matsala zai gani. Kalmar ta tsaya mini a rai. Me Faransa ta zo yi cikin kayan Beljiyam?

Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, a bar ni in rubuta sunana mana, in ga yadda zai fito."

Injiniya ya yi dariya. "Baba Adamu, kai ma jami'ar za ka shiga?"

"In ka biya mini kuɗin makaranta, me zai hana?"

Hajiya ta ce, "Bar shi ya taɓa, Bashir. Ai shi zai riƙa share su."

Na sa yatsa ɗaya ina neman A. Na same ta can sama a kusurwa, na danna. Na nemo D, na koma A, na lalubo M, na ƙare da U. Na ɗaga kai na ce, "Injiniya, karatuna kaɗan ne, amma wannan ba Adamu ba ne."

Ya leƙo. Abin da ke allo shi ne qdq;u. Ya karanta da ƙarfi, "Ku-da-ku," har mai shagon ya kwashe da dariya. Can sai Injiniya ya daina dariyar, ya sunkuya ya ƙura wa kibod ɗin ido, karo na farko tun shigowarmu.

Ya yi mana bayani. Kayan daga Beljiyam ɗin gaske suka zo, inda ake Faransanci, kuma su a inda muke da Q suke rubuta A. A ciki an saita kwamfutar da Turanci, a waje rubutun madannai na Faransa ne. Shi da yatsunsa suka haddace gurbi bai ji komai ba. Amma yaron da zai nemi A da ido, in ya danna, Q ce za ta shiga, amsarsa ba za ta zauna ba.

Mai shagon ya ce, "Mama, ƙaramin abu ne. Sitika za a liƙa, ko a juya ta Faransanci."

Hajiya ta ce, "Sitika a hannun yara arba'in masu gumi? Kuma in sun saba da A a sama, ranar jarrabawa su tarar da ita a wani wuri fa? Fito mana da wasu."

Ya shiga ciki ya kwaso wasu masu ruwan toka, duk ƙarce a bayansu, ɗaya ma an ɗaure kusurwarta da salatif. Injiniya ya sake bin jerinsa, amma wannan karon duk wadda ya gama sai ya turo mini ya ce, "Baba Kudaku, sa hannu." Sau ashirin na rubuta Adamu, sau ashirin ya fito Adamu. Sannan aka rubuta rasit. Keke Napep biyu muka cika, Litinin aka buɗe.

Abin da na koya shi ne, gwani yana gwada kaya da hannun gwani, alhali ba shi zai yi amfani da su ba. Kafin ku biya kuɗin kwamfuta, ko maus ne ko firinta, bayan injiniya ya gama nasa, ku nemo wanda ya fi kowa rashin iyawa ku ce ya taɓa. Mai shagon nan ma ba ƙarya ya yi mana ba, tambayar ce ba mu yi ba, kuma har yau a wurinsa muke sayen caja.

Shida daga cikin masu ruwan tokar suna nan a layin baya. Ku duba madannin A a jikinsu, har ya goge don dannawa. Amma in kun danna shi, A ce take fitowa.