Yadda Na Ci Amanar Baba Direba a Falon Kallon Tsere

Edita, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in iya rubuto wannan. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna raye.

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, kuɗi suka fara zubowa Abuja, ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya. Ina da digirina, da kaftani uku na fita kunya, da ɗaki ɗaya a Kubwa. Kullum da sassafe ina cikin masu kokawar shiga bas, ina kallon sa'o'ina suna wucewa a motoci masu sanyi. Abinci bai gagare ni ba, amma son a san da ni ya hana ni sakat. Na lura cewa a garin nan ba wanda ya fi aiki ke gaba ba, wanda manya suka riƙe sunansa ne, don haka na sa ido ina neman ƙofa.

Daraktanmu a Turai ya yi karatu, a can ya kwaso son babbar gasar tseren motoci ta duniya. Duk Lahadin da ake tsere, bayan azahar, falonsa kan cika da abokansa, daraktoci da 'yan kwangila da wani likita, ga kilishi ga gasasshen nama ga lemo cikin bokitin ƙanƙara. Wata Lahadi na kai masa fayil gida ya sa hannu, da ya gama sai ya nuna mini gefen kafet ya ce in zauna in ga abin da wayayyu ke kallo. Ni dai motoci na gani suna ta zagaye suna kuka kamar ƙudan zuma. Su kuwa musu suke kamar za su daku. Wannan ya ce ƙungiya ta zalunci direbanta na biyu da ta umarce shi ya ba na farko hanya, wancan ya ce mota ke cin tsere ba mutum ba, likita ya ce duk a wurin canjin taya ake cin gasa ko a zubar da ita. Oga yana goyon bayan wani direba na jajayen motoci, kuma a falon nan ba mai kushe shi ya sake samun gayyata.

Da na fita alwalar la'asar sai na tarar da direban oga tsaye a jikin taga yana leƙe, tsumman goge mota a kafaɗarsa. Dattijo ne ɗan Filato, duk ma'aikata Baba muke ce masa. A Mpape yake zaune, idan ya taso daga coci sai ya zo ya wanke motoci ya jira ko za a aike shi. Yana da in'ina mai tsanani, Hausarsa kuma irin ta garin nan ce, ya kira mace da ya, namiji da ta. Kafin tuƙi ya yi shekaru yana kanikanci. Ban tambaye shi komai ba, shi ne ya kasa haƙuri ya nuna mini jar motar da ke gaba, ya ce in dubi yadda bayanta ke wutsil-wutsil a kwana, tayoyinta sun cinye, ba za ta ƙara zagaye uku ba sai an kira ta gareji a canza mata taya, kuma wadda ke bin ta za ta riga ta shiga don ta fito a gabanta. Na koma falo, na gyara murya na maimaita maganar kamar tawa. Kafin a yi zagaye uku abin ya faru tiryan-tiryan. Oga ya juyo ya dube ni, ranar ce ya fara tambayar sunana.

Daga nan na zama ɗan gida. Duk tsere sai na ƙirƙiri dalilin fita sau biyu ko uku, waya ko fitsari, in je taga Baba ya zuba mini, in dawo in sayar. Suka laƙaba mini Injiniya. Aka ɗauke ni daga ofishin da muke mu shida aka kai ni kusa da oga, na fara bin sa tafiye-tafiye, na sayi 'yar motata. Baba ya san abin da nake yi, domin ta tagar yana jin muryata. Bai taɓa nuna ɓacin rai ba. Ya ma taɓa ce mini yana jin daɗi, tunda bakinsa ba ya sauri, gara a samu mai kai maganar ciki kafin ta huce. Ko goro ban taɓa saya masa ba.

Ranar da abin ya faru oga ya yi manyan baƙi, har da wani babban sakatare da yake neman shiri da shi. Ya zaunar da ni kusa da ƙafarsa yana ta yabona, ya ce yau za su ga yaron da ya fi masu sharhin talabijin. Na yunƙura zan fita sau biyu yana danne kafaɗata. Gwaninsa na kan gaba, saura zagaye kaɗan, sai hadari ya haɗo a can inda ake tseren. Falo ya rabu biyu, wasu na cewa a kira shi a sa masa tayoyin ruwa, wasu na cewa ya zauna a kan busassun ya ƙarasa. Aka juyo gare ni. Ban san komai ba, na dai karanci fuskar oga na ga ba ya son gwaninsa ya tsaya ya rasa matsayi, sai na ce yayyafi ne kawai, shiga gareji yanzu wauta ce.

Daidai lokacin Baba ya shigo da sabon bokitin ƙanƙara da uwargida ta aiko shi da shi. Ya ajiye, ya kamata ya fita, amma idonsa na kan talabijin. Sai kawai muka ji muryarsa tana kakkarewa, yana cewa a kira shi yanzu, a dubi 'yan kallo na can kwanar baya duk sun buɗe lema, ruwan ya riga ya sauka a wancan ɓangaren, idan yaron nan ya sake zagayowa a kan tayoyin nan bango zai sha. Ya ɗauki lokaci kafin ya kai ƙarshe. Oga ya yi wani murmushi ya tambaye ni me Injiniya zai ce wa abokin aikinsa.

Da na ce a saurare shi, ya fi ni sani, da ban rubuto wannan wasiƙa ba. Tsoro ne ya kama ni kada asirina ya tonu. Sai na miƙe na karkace baki na kwaikwayi in'inarsa, na maimaita maganarsa da irin Hausarsa, ina jan kowace kalma ina buga ƙafa kamar mota ta ƙi tashi. Falo ya fashe da dariya, babban sakatare har da share hawaye. Dariyar ta hau mini kai. Na juye ƙanƙarar cikin faranti, na ɗauki bokitin na kifa wa Baba a ka, na ce ga hular kwano, tunda ga zakaran duniya a gidanmu. Ruwan sanyi ya gangaro masa ta wuya ya jiƙa rigar cocinsa. Wani ɗan kwangila ya miƙa masa murfin kula ya ce ya riƙe sitiyari. Mutumin da ya yi sa'an mahaifina ya tsaya a tsakiyar falo, bokiti a ka, murfi a hannu, bai motsa ba, domin ba wanda ya sallame shi.

Yana nan tsaye jar motar ta iso kwanar baya, ta juya kamar faifai, ta daki bango. Dariya ta ɗauke. Baba ya cire bokitin da kansa, ya ajiye a hankali, ya fita. Oga ya bi shi da zagi, wai baƙin bakinsa ne ya jawo. Amma babban sakatare, yana tsintar kilishi, ya ce da alama injiniyan gaskiya a waje ake barin sa. Na ga oga ya dube ni, ya dubi tagar, kamar mai haɗa lissafi.

Abin da na yi ranar Litinin ya fi na Lahadi muni. Lokacin ana rage direbobin gwamnati, oga ne ya tsaya wa Baba sunansa bai shiga jerin masu tafiya ba, saura masa 'yan shekaru ya yi ritaya da mutuncinsa. Na shiga ofis na rufe ƙofa, na ce akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa don tausayi. Na ce tseren nan ya taɓa kan Baba, idan ya ajiye yara makaranta ko ya dawo daga filin jirgi shi kaɗai, gwada abin da ya gani yake yi da motar gwamnati, ni da idona na gan shi a hanyar Kubwa yana sheƙa gudu. Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin nan ko rami ya gani sai ya kusa tsayawa. Oga dama haushi na cin sa, bai bincika ba. Kafin wata ya ƙare aka karɓi makulli a hannun Baba.

Ban ci ribar abin ba. Da aka koma kallo, taga ba kowa, bakina ya mutu. Na yi ta harbi a duhu ina kuskure, har suka gane. Falon nan kuwa ba ya zama sai da abin dariya, sai ya zama ni ne. Likita ya riƙa cewa a tambayi Injiniya don a san abin da ba zai faru ba. Wata rana oga ya aike ni sayo ƙanƙara ana tsakiyar tsere, na dawo na tarar wani ya zauna a wurina. Daga baya aka mayar da ni tsohon ofishina.

Sai da na yi shekara huɗu kafin na iya hawa Mpape neman sa. Na bi 'yan hanyoyin ƙafa ina tambaya har aka nuna mini wajen fasa dutse. A can na same shi yana tuƙa tipa, ya rame, ƙura ta cinye masa ƙirji, yana magana yana tari. Babbar 'yarsa ta bar makarantar koyon jinya a shekarar da aka sallame shi. Na durƙusa na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ya san ni ne, oga ya faɗa masa tun ranar da ya karɓi makulli. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Ɗana, na bar ka da Allah, ban riƙe ka ba. Amma kar ka sake zuwa. In na gan ka, dariyar nan nake ji."

Na bi umarninsa, ban sake komawa ba. Na aika saƙo sau biyu ta hannun wani, aka dawo mini da shi ba a buɗe ba. Bara na ji ya koma garinsu, ƙirjin ya kwantar da shi.

Yanzu ni ma ina da ofis da direba, har da masu dariya idan na yi barkwancin da bai kai ba, na kuma san abin da ke sa su dariyar. Abin da na koya shi ne, wulaƙanci ya fi sauƙin fitowa daga hannun mai tsoro, kuma wanda ya taimake ka a ɓoye shi ne ka fi saurin tunkuɗawa, domin shi kaɗai ya san iyakarka. Ina jan kunnen matasa masu neman shiga wurin manya: duk majalisar da sai ka tozarta wani za ta karɓe ka, gobe kai za ta nema. In kuwa akwai wanda ka zalunta, kada ka jira sai ka shirya kamar yadda na yi. Ni na je da haƙurina bayan shekara huɗu, na tarar babu abin da ya rage da zai gyara.