Sammani, Muryar da Ta Raba Ni da Littattafaina

Kafin injinan casar shinkafa na Kura su tashi da ruri, Malam Sammani Tambaya ya gama aikin da aka san shi da shi. Da an idar da sallar asuba sai ya shige shagonsa na gyaran rediyo, ya tura ƙofa, ya rataya bargo a taga, ya kurɓi ruwan citta mai ɗumi. Sannan ya danna jan maɓallin rikoda ya fara karanta littafi. Kullum fuska ɗaya ta kaset yake cikawa. Shekara da shekaru haka yake yi, har bana da maƙogwaro ya gaza.

Ni ne marubucin yawancin littattafan da yake karantawa, kuma gara in faɗa tun yanzu: kishinsa nake yi. Labaran kisan kai nake rubutawa, irin na ƙaramin gari, inda za a tsinci gawa a bakin kwalbati, kuma duk wanda ake zargi mutum ne da ake gaisawa da shi kullum, daga mai shayi har dillalin tumatir. Mutanenmu suna son irin wannan, don kowa gani yake ya san halin maƙwabcinsa, kowa alƙali ne. Sai dai mai dashen shinkafa hannunsa na cikin taɓo, mai turara ta kuma tana fama da hayaƙi, ba mai damar riƙe littafi. Kunne ne kaɗai ba ya aikin komai. Sammani ya kama kunnen nan, ni kuwa aka bar ni da sunana a bangon littafi inda ba mai dubawa.

Sammani, kai ne mutumin da ba ya leƙa ƙarshen labari. Da littafi ya zo hannunka sai ka miƙa wa maiɗakinka Barira ta ɗinke babin ƙarshe da zare, ba za a warware ba sai safiyar da za ka karanta shi. Ita ta faɗa mini dalili. Ka ce in ka san mai laifin, muryarka za ta tona shi, ko ka yi masa kaushi ko ka cika yi masa laushi. Ranar da ta bayyana ƙanin mamacin ne ya yi kisan a littafina na biyu, salati ya ƙwace maka, har ana jin numfashinka, kuma ba ka goge ba. Har yau matan Garun Mallam suna zancen salatin nan. Jimlar da na sha wuya kafin in ƙera ta a daidai wurin, ban taɓa jin wanda ya maimaita ta ba.

Wata ranar kasuwar Bunkure na tarar da manoma a teburin mai shayi, gardama ta yi zafi a kan wanda ya kashe mai gadin ruwa a sabon kaset. Wasu sun kafe a kan direba, wasu a kan matar mamacin. Na kasa daurewa na ce duk sun ɓata, na fara yi musu bayani. Wani tsoho da ake kira Dattijo ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma wa ya gaya maka, ɗana? Sammani da kansa bai sani ba tukuna."

Na ce ai ni na rubuta littafin. Ya ce Allah ya yi albarka, amma in jira kamar kowa.

Yanzu ga inda muke. Likita ya hana Sammani doguwar magana, alhali littafina na ƙarshe saura babi kaɗan ya gama karanta shi. Kasetocin farko sun zaga gonaki tun daga Kura har Madobi, kuma kullum ana tsayawa a shagon ana tambayar ci gaba. In ba a ƙarasa ba, labarin ya mutu a hannun mutanen da don su na rubuta shi. Na ce a raina dama ta samu, yau za a ji muryar mai abu. Na zauna a kujerarsa na cika fuska guda. Ya saurara kaɗan, ya kashe rikodar, ya yi magana da 'yar muryar da ta rage masa.

"Malam Taufiq, ka san wanda ya yi kisan. Ana ji tun daga sallamarka. Kada ka gaya mini."

Raina ya ɓaci, kuma gaskiya ya faɗa.

Na gode, Sammani, sarkin haƙuri. Ka kai labaraina inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba, ko da yake ka bar sunana a hanya. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu murya, duk wanda zai iya danne zuciyarsa ya bar babin ƙarshe a ɗinke, ya zo shagon ya koya tun Sammani yana iya yi masa gyara ko da da hannu ne. Mutane suna jira. A duk faɗin Kura da Bunkure mutum ɗaya ne aikin nan ya fi ƙarfinsa, kuma shi ya rubuta littafin.