Bayan Rumbunmu a Gazara

A zamanin Turawa, muna makarantar kwana a Zariya, wani malami Bature ya kafa mana dogayen itatuwa biyu a fili, ya maƙala wa kowanne zoben ƙarfe, ya ce wannan shi ne ƙwallon kwando. Ni ɗan Gazara ne, gajere, ga tsokana. Abokina kuwa ɗan Janfalan ne, dogo siriri, in ya yi tsalle har zoben yake taɓawa. Kowa ya san da shi za a je wasa Kaduna.

Sai dai Baturen ya ce ƙugunsa ba ƙwari, in ya diro yana lanƙwashewa kamar karan dawa. Da za mu tafi hutun kaka, ya koya masa motsa jiki: kullum da safe ya kwanta rigingine, ya ɗaga ƙafafunsa biyu, ya riƙe su har cikinsa ya yi zafi.

A gidanmu ya sauka kafin ya wuce garinsu. Mu kuwa da kaka, namiji ba ya kwanciya bayan rana ta fito, sai mara lafiya ko rago. Shi ya sa ya lallaɓa bayan rumbu yana abinsa. Ni da na san dalili, ni na je na kirawo samarin unguwa.

Na ce, "Ku zo ku ga abin da boko ke koya wa mutane!"

Suka yi ta dariya har da faɗuwa. Kawuna ya leƙo, ya ce, "Yaro, lafiya kuwa? Ko a kira mai magani?"

Abokina ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Da hantsi muna gona ana ɗora wa jaki buhunan gyaɗa, mutum biyu ke kama kowanne. Sai abokin nawa ya ce a bar masa ɗaya shi kaɗai. Na tuna maganar Baturen sarai, amma na yi shiru, ina son in ga ƙarshen abin. Ya ɗago buhun har gwiwa, sai ya sake shi ya durƙushe. A kan jakin nan aka kai shi gida.

Bai koma makaranta ba. Ni gajeren nan aka sa a gurbinsa zuwa Kaduna, kuma wallahi na yi murna. Wannan murnar ce take cina har yau.

Bayan shekaru na gamu da shi a kasuwar Makarfi, yana tafiya a sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu. Muka gaisa, muka tambayi iyali. Na fara kame-kamen neman gafara, sai ya katse ni.

Ya ce, "Ai har yanzu ina motsa jikin nan, shi ke rage mini ciwon. Amma sai na rufe ƙofa tukuna."