Simintin Mahaifina

Gidan da muka yi haya a Balad, wata tsohuwar unguwa a ƙasar Larabawa, da dutsen teku aka gina shi, an jera katako a cikin bangon domin ya riƙe nauyi. Kullum bangon yana zubar da gari. Abin ya dami mahaifina, sai ya shafe shi tas da siminti, yana alfahari. Bai san dutsen nan iska yake so ba. Danshi ya maƙale, katakon ya ruɓe.

Bara na koma. Gidan ya shiga kayan tarihi, ma'aikata suna ɓamɓare simintin suna zagin wanda ya shafa shi. Raina ya ɓaci. Na ce wa babbansu, "Halas, ya isa haka. Kuskure ya yi, amma lokacin da kowa ya watsar da gidan nan, shi kaɗai ya tausaya wa bangon."