Alƙaliya da Ranar da Baba Tela Ya Ce A'a

Asibitin unguwarmu ɗaki uku ne da baranda. Ba shi da wurin gwajin jini, ba shi da mota, likitan kuma guda ɗaya ne, muna raba shi da wasu unguwanni. Abin da muke da shi shi ne benci mai girgiɗi, da fanka mai yawan ƙara, da wata nas da kowa ke kira Alƙaliya. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi wani abu a kanta tun tana kusa, ko da za ta harare ni.

Makarantar da nake koyarwa katanga ɗaya ce da asibitin, don haka na daɗe ina ganin safiyarta ta tagar ajina. Takan zo da tsohuwar jakarta, ta goge teburi, ta wanke hannu har gwiwa. Sannan ta buɗe kabad ta ciro wani ɗan kwali, ta ɗaga wasu 'yan kwalaben magani masu launin ruwan ƙasa tana duba ko lokacinsu ya wuce, ta mayar da su cikin duhu. In sun kusa lalacewa, sai ta dami ofis da kira har a sauya mata. Shekara da shekaru ba wanda ya ga an fasa ko ɗaya.

Mai shara ta taɓa tsokanar ta: "Wai Sista, waɗannan 'ya'yan naki yaushe za su fara aiki? Kullum sai kwanciya."

Ta ce, "Ki bar su su yi ta barci. Ranar da suka tashi ba za ki so ranar ba."

Sunan Alƙaliya kuwa tambaya ce ta jawo mata shi. Ka je mata da ciwon kai, sai ta tambaye ka me ka ci, me ka sha, wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi. Mai walda ya taɓa zuwa da jan ido yana rantsuwa bai ɗiga komai ba. Ta bi shi da tambaya cikin ruwan sanyi har ya amsa cewa ya matsa albasa, ya kuma bi da lemon tsami. Mai gadi yakan ce wa masu jira a benci, "Ku shirya amsoshinku, an fara zaman kotu."

Yanzu sai in kawo ku gidan Baba Tela. Dattijo ne mai sanyin hali, aibinsa ɗaya: bai iya cewa a'a ba. In ka kai masa ɗinki ana gobe biki zai karɓa. In ka miƙa masa abinci bayan ya ƙoshi zai ci, ya kuma yi godiya. Yana zaune da matarsa, Inna, da matar ɗansa, da jikarsa, wata ɗalibata da muke kira Monita saboda son tsare doka. Ɗan nasa direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya.

Jini ya taɓa daskarewa a ƙafar Baba Tela, aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya a rana. Maganin yana hana jini yin guda, amma in ya yi yawa sai jinin ya manta yadda ake tsayawa. Inna takan ba shi da safe kafin ta fita kasuwa. Shi kuwa direba, da kewar uba ta dame shi, sai ya kira matarsa da rana: "Ki ba Baba maganinsa, kin san Inna da mantuwa." Da yamma kuma ya kira 'yarsa: "Ke na fi yarda da ke, ki ba kakanki magani." Kowacce ta riƙe abin a ranta don kada ta kunyata wata. Baba Tela kuma duk hannun da ya miƙo, sai ya karɓa ya kora da ruwa, ya ce Allah ya yi albarka.

Abin ya ɗauki kwana da kwanaki, sai mai aski ya ɗan yanke shi a ƙarƙashin haɓa.

Ina tsakiyar darasi na ji kururuwa. Mai aski ne ya riƙo dattijon, tawul ya jiƙe sharkaf, rabin gemu a aske, rabi da kumfa.

"Wallahi Sista, yankan bai kai ƙwayar shinkafa ba! Tun ina yaro nake aski, ban taɓa kashe kowa ba!"

"Yau ma ba ka kashe ba tukuna. Matsa."

Ta danna auduga a wurin, ta naɗe masa hannun riga, sai ga tabo shuɗi-shuɗi har kafaɗa. Ta ce ya buɗe baki, dasashi na tsattsafo da jini. Ta tambaye shi ƙwaya nawa yake sha, ya ce, "Yadda aka ba ni." Nan take ta aiki mai shara ta kirawo mutanen gidan, har da yarinyar. Ni na rako Monita.

Da suka jeru, Alƙaliya ta ce, "Wa ke ba Baba maganinsa?"

"Ni ce," in ji murya uku. Monita har da ɗaga hannu.



Inna ta dafe ƙirji. "Shi ya sa kwalbar ke ƙarewa! Ni kuwa har tarko na ɗana, na ce ɓera ne."

Alƙaliya ta ce, "Da ɓera ne, Inna, da tuni kin tsinci gawarsa. Baba, kai kuma me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "Mutum ya taso da ƙauna ya kawo maka abu, ka ce masa me?"

Ta kira likita a waya, ta zayyana masa abin da ta gani. Ya ce ta yi allurar makarin maganin ta jijiya, a hankali, sannan a wuce da shi babban asibiti don gwaji. Makarin nan bitamin K ne, shi ke mayar wa jini ƙarfin daskarewa. Ta buɗe kabad, ta ciro ɗan kwalin nan, ta dubi mai shara ta ce, "Ga 'ya'yana sun tashi." Mai shara ba ta yi dariya ba.

Baba Tela ya ga sirinji. Ya janye hannu, ya cusa a hammata, ya ce, "A'a."

Inna ta yi salati. "Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Sai yau, Malam? Yau ɗin?"

Mai aski ya ce, "Haba Baba, kai da ka tsufa da allura a hannu!"

"Tawa yadi take shiga, ba mutum ba."

Monita ta matso. "Kaka, ko ni ba na kuka in an yi mini."

"Ke ai ba ki da hankali ne. A ba ni ƙwaya, ko guda nawa ce zan sha."

"Mun ga alama," in ji Alƙaliya. Sai ta ajiye wasa, ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa. "Baba, wannan jinin da muke gani ba shi ke ba ni tsoro ba, ina iya danne shi. Wanda zai ɓalle a cikin kai ko a ciki, ba ni da hannun da zai kai wurin. Ba mu da lokacin jira."

Ya ji, idonsa ya kawo ruwa, amma hannu na hammata. Audugar ta sake jiƙewa. 

A nan ne na ga amfanin tambayoyin da muka yi shekaru muna ƙorafi a kansu. Matar nan ta san gidan kowa. Ta san Baba Tela yana iya musu da matarsa, yana iya tsokanar jikarsa, amma ko ido ba ya iya haɗawa da matar ɗansa. Ta yafito surukar, ta raɗa mata magana. Baiwar Allah ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, don Allah a miƙo hannu."

Dattijo ya dubi silin, ya dubi ƙofa, ya ga ba hanya. Hannu ya fito daga hammata da kansa.

Alƙaliya ta sami jijiya, ta shiga tura maganin kaɗan-kaɗan, idonta a kan fuskarsa da numfashinsa. Tana yi tana tambayarsa yadda ake yanka wuyan riga kada ya tattare. Yana cikin bayani, har ya fara faɗan telolin zamani, ta zare allurar.

Ya ce, "To, a yi a gama mana."

"An gama, Baba."

Ta gaya musu gaskiya, cewa makarin ba ya aiki nan take, sai an ba shi sa'o'i. Ta sa mai aski ya ci gaba da danne wurin, ta ce masa, "Daina kuka. Askarka ce ta tona asirin nan, da ba ka yanke shi ba da ba mu sani ba." Wani mai kanti ya kawo motarsa, ita ma ta shiga, ba ta dawo ba sai da ta miƙa shi hannun likitocin can, ta kuma yi musu nasu tambayoyin.

Baba Tela ya dawo gida da ƙafarsa, an sake daidaita masa maganin. Alƙaliya ta yanke hukunci: Inna ce kaɗai mai bayarwa, suruka shaida, direba kuwa in ya kira ya tsaya a gaisuwa. Mai aski har yau yana gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa cewa ya taɓa ceton rai da aska, abin da ke sa wasu tashi ba a gama ba.

Sista, ke ce kika yi shekaru kina duba kwalaben da ba wanda ya tambaye ki labarinsu, don rana guda da ba ki san ko za ta zo ba. Ke ce muka yi wa laƙabi don tsokana, kika amsa ba ki ji haushi ba. Mai hannun sanyi, mai kunnen sauraro. Mun gaji da tambayoyinki a kan benci, ga shi yanzu muna tsoron ranar da za mu zo a ba mu magani ba a tambaye mu komai ba. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanki da jikokinki su iya amsa tambaya.

Ga waɗanda za su gaje ta, roƙona kaɗan ne. Ku riƙa buɗe kabad ɗin nan kowace safiya. Ku san mutanen da kuke yi wa aiki, har ku san wa suke jin nauyi. Mu kuma na kan benci, mu riƙa amsawa da gaskiya.

Ranar da Monita ta dawo aji, na same ta ita kaɗai a lokacin tara, ba ta tsare kowa da doka. Na zauna kusa da ita na ce kada ta ɗora wa kanta laifi, aiken babanta ta yi.

Ta ce, "Na sani, Malam. Amma na gane abin. Kaka ba zai taɓa cewa ya riga ya sha ba. Mu ne ya kamata mu tambayi juna kafin mu ba shi."